Makarantar Allon Amurkawa

Abokin ɗakina a nan jami'a Bahaushe ne Kirista, mutumin Wusasa, yana karatun Tarihi. Shekararmu ta uku ke nan muna kwana ɗaki ɗaya, muna shan gari a kwano ɗaya in wata ya yi nisa. Ni ina ce masa Fasto, shi kuma yana ce mini Alaramma, alhali shi bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba, ni kuwa ko izu biyar ban riƙe da ka ba. Ran nan da dare an ɗauke wuta, ina kwance ina fama da sauro, sai ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce, "Alaramma, tashi ka ga 'yan'uwanka."

Yayarsa ce ta aiko masa da bidiyo daga jihar Teksas ta Amurka, inda take aikin jinya. Ajin ɗanta aka ɗauka, yaro ɗan shekara 9. Yara ne wajen goma sha biyar a tsaitsaye, malamarsu tana tafi, su kuma suna rera wani abu da murya ɗaya, har wasu na rangaji kamar yadda muke yi a gaban allo. Na tambaye shi wane harshe ne wannan, ya ce Latin ne, harshen Rumawan da, wai sarrafa aikatau suke yi: amo, amas, amat, watau ina so, kana so, yana so. Na tashi zaune, na ce, "Haba Fasto! Ai wannan daraba, yadribu ne. Makarantar allo kuka buɗe a Amurka ba labari?" Muka yi ta dariya har na ɗakin kusa da mu suka buga mana bango.

Shi ya yi barcinsa, ni kuwa barci ya ƙi zuwa, kuma ba sauro ne ya hana ni ba. Dariyar ce ta tono mini wani abu da na binne shekara takwas da suka wuce.

A hannun Baffana na tashi, wan mahaifina, malamin zaure ne a wani gari gabas da Kano. Ba shahararre ba ne, amma ba a rasa mutum goma zuwa ashirin a zaurensa bayan asuba da bayan la'asar, kowa da littafinsa, kowa na jiran a zo kansa. Ina zuwa boko da safe, da yamma in zauna can ƙarshen tabarma. Na yi Ƙawa'idi, na yi Ahalari da Ishmawi, sai Baffa ya ce lokaci ya yi da zan shiga nahawu, ya ɗauko mini Ajuruma. To, a lokacin shekarata 14, ina aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawa ta matso, kuma kaina ya fara rawa don na zo na ɗaya a aji. Wata rana Baffa yana yi mini bayanin fa'ili, ya kawo misalin nan da kowane ɗalibin nahawu ya sani, watau Zaidu ya bugi Amru. Sai na buɗe baki a gaban manyan ɗalibai, wasu sun haife ni, na ce, "Baffa, wai shi Amru me ya yi wa Zaidu ne, shekara da shekaru ana dukansa? Kuma in na san wanda ya bugi wani, aikin me za a ba ni da shi?" Zaure ya yi tsit. Baffa bai dake ni ba, bai ma zage ni ba. Ya rufe littafin, ya ce, "Tashi ka je ka yi karatun jarrabawarka." Na tashi ina ganin na kayar da shi. Tun daga ranar ban sake zama kan tabarmar nan da littafi ba, shi kuma bai sake kirana ba.

Washegari na matsa wa Fasto sai ya tambayo mini yayarsa ko wace irin makaranta ce wannan. Ta ce makarantar kuɗi ce ta Kiristoci, irin waɗanda ke cewa sun koma wa karatun magabata, watau tsarin da Turai ta gada daga Girkawa da Rumawa, coci ta riƙe shi shekaru aru-aru kafin makarantun zamani su ture shi gefe. Ta kuma aiko da wata maƙala, ta ce ita aka ba ta ta karanta ranar da ta je neman wa yaron gurbi. Maƙalar ta wata Baturiyar Ingila ce, Dorothy Sayers, wadda aka fi sani da rubuta labaran masu binciken kisan kai da kuma fassara waƙar Dante zuwa Ingilishi. Lacca ce ta gabatar a Oksfod a 1947, sunanta The Lost Tools of Learning, watau ɓatattun kayan aikin koyo. Na zauna da ƙamus, kwana biyu ina fama da ita.

Kukan matar nan shi ne, a zamaninta kusan kowa a Turai ya iya karatu da rubutu, amma duk da haka mutane sun fi na da saurin ruɗuwa da farfaganda da tallace-tallace da duk abin da jarida ko rediyo suka faɗa. Kada mai karatu ya manta shekara biyu ke nan da gama yaƙin Hitila. A ganinta ana ɗura wa yaro fannoni barkatai, amma ba a koya masa yadda ake koyo, sai ya fita makaranta ya manta abin da ya haddace, ba shi kuma da abin da zai tunkari sabon al'amari da shi. Magani a wurinta shi ne a waiwayi makarantun Turai na tsakiyar zamani, waɗanda fannoninsu bakwai ne. Huɗu na sama su ne lissafi, da awon siffofi, da kiɗa, da ilmin taurari. Amma ba a kai wa gare su sai an bi ta ukun farko, waɗanda suke kira tiribiyum, ma'anarsa mahaɗar hanya uku: sanin ƙa'idojin harshe, da sanin yadda ake kafa hujja, da iya magana mai ratsa jiki.

Da na zo nan sai na ajiye wayar. Ai waɗannan uku na san sunayensu tun ina yaro, a bakin Baffa na ji su: nahawu, da manɗiƙi, da balaga. Malamanmu ma ulumul ala suke kiransu, watau ilmomin da suke kayan aiki ne na fahimtar sauran ilmomi. Kalmar da Baturiyar ta sa wa laccarta ke nan.

Sabon abin da Sayers ta zo da shi shi ne, ta ɗauki fannonin uku ta jera su bisa shekarun yaro. Daga wajen shekara 9 zuwa 11 ta kira su shekarun aku, lokacin da hadda ba ta yi wa yaro wuya, yana ma jin daɗinta, ka ji shi yana rera tallar rediyo ba wanda ya sa shi. A nan sai a cika masa ciki da nahawun Latin, da sunayen sarakuna da shekarunsu, da waƙoƙi, da labaran Littafi Mai Tsarki, ko bai gama fahimta ba. Daga wajen 12 zuwa 14 kuwa shekarun tsiwa ne, inda yaro ba abin da yake so kamar ya kama babba da kuskure, ya yi gardama, ya ce me ya sa. Ta ce tun da dai sai ya yi gardamar, to a koya masa yin ta bisa ƙa'ida, a ba shi manɗiƙi. Sa'an nan shekarun shauƙi, daga 14 zuwa 16, lokacin da yaro ke ganin ba wanda ya fahimce shi, yana neman hanyar bayyana abin da ke ransa, nan ne wurin balaga.

Wannan magana ta shekarun tsiwa ita ce ta tsaya mini a ƙahon zuci. Abin da na yi wa Baffa rashin ladabi ne, ban musa ba, har gobe ina jin kunyarsa. Amma in an bi ta lissafin matar nan, alama ce kuma ta cewa na isa a fara koya mini kafa hujja. Abin da nake bukata ranar nan shi ne wanda zai ce mini, to, tun da ka ce nahawu ba shi da amfani, zauna ka tabbatar mana, sa'an nan ya bi hujjojin nawa ɗaya bayan ɗaya ya rushe su ina ji ina gani. A zaure ba a yi wa malami haka, ba a kuma gayyatar yaro ya yi. A boko kuwa, inda na gudu, abin da na tarar shi ne cike gurbi da zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu. Malami ya rubuta a allo, mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Ba wanda ya taɓa tambayata dalili, ni ma sai na daina tambaya. Tsiwar tawa ta tafi a banza, ta ƙare a gardamar ƙwallo.

Ita laccar ta Sayers ba ta yi wani tasiri a Ingila ba. A Amurka ta sami masu ɗauka, bayan shekara talatin da wani abu, ita kuwa ta riga ta rasu tun 1957. Dalilan a fili suke. A 1962 da 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta hana makarantun gwamnati shirya addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada, abin da ya sa iyaye Kiristoci da yawa suka fara ganin makarantar gwamnati ba tasu ba ce. Ga kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi da tsarin da ake jingina wa John Dewey, mai fifita koyo ta hanyar aikatawa da bin sha'awar yaro a kan hadda da tsofaffin littattafai. A 1983 ma wani kwamiti na gwamnatin ƙasar ya fitar da rahoto yana cewa ilmi ya taɓarɓare. Cikin wannan yanayi ne wani mai suna Douglas Wilson, wanda ya karanta laccar Sayers a wata mujalla lokacin yana sojan ruwa, ya haɗu da wasu iyaye suka buɗe makarantar Logos a 1981, da yara 18, a wani ƙaramin gari mai suna Mosko a jihar Idaho, ba Moskon Rasha ba. A daidai wannan lokaci aka buɗe wasu masu kama da ita a jihohin Kansas da Indiyana. A 1991 Wilson ya rubuta littafi a kan abin da suka gwada, a 1994 aka kafa ƙungiyar irin waɗannan makarantu, yau ga su nan ɗaruruwa. Masu koyar da 'ya'yansu a gida su ma suka sami jagora a littafin The Well-Trained Mind na 1999, wanda wata uwa da 'yarta, Jessie Wise da Susan Wise Bauer, suka rubuta. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tura iyaye wannan hanya. Har jarrabawar shiga jami'a tasu suka ƙirƙiro a 2015, wadda ke ɗauko nassoshi daga tsofaffin marubuta, kuma a 2023 jami'o'in gwamnatin jihar Fulorida suka amince da karɓarta.

Na tambayi yayar Fasto me manyan yara ke yi, tun da ƙananan hadda suke. Ta ce 'yan aji bakwai da takwas suna da darasin manɗiƙi sosai, ana ba su sharhin jarida su nemo inda marubucin ya yi zamba a hujja. Na sama kuma ba sa karanta taƙaitaccen bayani a kan Homa ko Aflaɗon ko Agustin, littattafan kansu suke karantawa a fassare, su zauna su kewaye tebur suna muhawara, malami na jefa tambaya. Kafin yaro ya fita sai ya rubuta doguwar maƙala a kan wata mas'ala, ya tsaya a gaban malamai da iyaye ya kare ta da baki. Kuma duk wannan, in ji ta, ba a raba shi da addini, domin su a wurinsu lissafi da tarihi da nahawu duk bayani ne a kan halittar Ubangiji ɗaya.

Yaro ɗan shekara 17 ke nan yake kare maƙala. Bari in gaya muku yadda tawa ta kaya ina da 22. A zangon da ya wuce aka ba ni aikin gabatar da takarda a kan karin magana a ajin adabin baka, waɗanda suke wurin za su tuna. Na cika shafi 12, na tara karin magana wajen arba'in masu yabon haƙuri, na rufe da cewa wannan ya tabbatar Bahaushe mutum ne mai haƙuri. Malam ya bari na gama, ya ce, "Ta yaya ka san Bahaushe mai haƙuri ne?" Na ce karin maganarsa ta nuna. Ya ce, "Ta yaya ka san karin maganar halinsa take faɗa, ba abin da yake buri ba?" Na ce ai domin halin Bahaushe ke nan. Aji ya fashe da dariya, ni ban ma gane abin da ake wa dariya ba. Malam ya ce ai mai yiwuwa ne mutanen da suka fi kowa yi wa juna wa'azin haƙuri su ne waɗanda ya fi yi wa ƙaranci, domin ba a tallar ruwa a bakin kogi. Bai ce haka ne ba, ya ce ne takardata ba ta taɓa tambayar ba. Shekara goma sha biyar ina boko, da kyakkyawan sakamako a hannu, ban san mutum ba ya kafa hujja da abin da yake neman tabbatarwa ba.

Akwai dai inda ban yarda da mutanen nan ba, kuma mun sha gardama da Fasto a kai. Ba su da magana sai gadon Yamma, kamar dai wannan ilmi daga Atina ya tashi ya sauka Landan bai ya da zango ko'ina ba. Shi Fasto ɗan Tarihi ne, shi ya fara nuna mini ramin da ke cikin maganar. Martiyanus Kapela, wanda littafinsa na ƙarni na 5 ya tsayar da fannonin nan bakwai yadda makarantun Turai suka bi su, mutumin Afirka ta Arewa ne. Agustin da suke ji da shi an haife shi a 354 a garin da yau yake cikin Aljeriya, kuma sana'arsa ta farko koyar da balaga ce. Manɗiƙin kuwa na Aristotal ne, wanda malamanmu ke kira Arisɗu, kuma ya bi hanya biyu. Gabatarwar da Furfuriyus ya rubuta masa a ƙarni na 3, Bowitiyus ya juya ta zuwa Latin, ta zama littafin farko na ɗaliban Turai. Ita ɗin ce kuma aka juya zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, har sunanta na Girkanci, Isaguji, ya zauna a bakin malamanmu. Manyan masu fassarar Bagadaza, irin su Hunainu ɗan Ishaƙa da ɗansa, Kiristoci ne masu aiki a daular Musulmi. Sharhohin Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, su aka mayar Latin, Toma Akwinas ya karanta su ya yi gardama da su. A nan gida ma, Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halaccin manɗiƙi. Ashe ɗan yayar Fasto a Teksas da almajirin Baffa kakansu na ilmi ɗaya ne, sai dai kowane gida an ɓoye wa yara labarin ɗaya gidan.

Sauran abubuwan da suka dame ni zan faɗe su a gurguje. Jera fannonin uku bisa shekarun yaro dabarar Sayers ce, ba haka mutanen da suka yi ba, ita da kanta ta ce ba ƙwararriya ba ce a sanin halayyar yara, yarintarta kawai ta duba. Wanda ya ce magabata yake bi, ya sani a nan Baturiyar 1947 yake bi. Ga tsada, domin yayar Fasto sai ta ƙara aikin dare take iya biyan kuɗin yaro ɗaya. Ga kuma wani abu mai ɗaci: a 1996 shi Wilson ɗin da wani limamin coci suka fitar da ɗan littafi mai sassauta munin bautar da baƙar fata a kudancin Amurka, masana tarihi suka yi masa ca. Mutum ya karanta manɗiƙi, ya koyar da shi, ya kuma rubuta wannan. Na tambayi yayar Fasto ko ta sani, ta ce ta sani sarai, makarantar ɗanta ba tasa ba ce, kuma ta tuna mini da Frederick Douglass, bawan da ya sayi wani littafin koyon jawabi yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ya haddace shi, daga baya ya zama bakin da ya fi kowane kaifi wajen yaƙi da bauta. Ta ce takobi ba ya tambayar wa ya ƙera shi. Ban sami abin ce mata ba.

Tambayata ta biyu ga Baffa ma, ta aikin me za a ba ni, har yau tana nan. Na san manyan ɗalibansa da suka haddace Alfiyya ta ɗan Maliki, baiti dubu, yau suna sayar da goro a tasha. Ba aibi ba ne sayar da goro, amma ba wanda zai ce mini uba ya yi laifi don ya so ɗansa ya zama injiniya. Yaron Teksas in ya gama Latin ɗinsa jami'a na jiransa. Almajirin zaure in ya gama nasa ba takardar da zai nuna wa kowa, kuma mafi yawa ba sa ma kai wa ga manɗiƙin da balagar, a shekarun aku ake tsayawa har a yi furfura.

Shi dai Fasto abin ya shiga ransa. Ya ce in ya gama hidimar ƙasa sai ya buɗe irin wannan makaranta a Zariya, ko da aji ɗaya ne. Na ce da Latin? Ya ce da Latin mana. Na ce masa yaron da harshensa Ingilishi ne in ya koyi Latin asalin kalmominsa yake tonowa, domin kaso mai yawa na kalmomin Ingilishi can suka fito. Yaron Zariya fa? Harshen da ya yi wa Hausa abin da Latin ya yi wa Ingilishi ai Larabci ne. Littafi, alƙalami, ilmi, hankali, duniya, lahira, duk daga can suke. Na ce ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka gama bugawa tun 1932 bayan wahalar da su Likita Mila suka sha, ya ƙirga: Allah, Almasihu, Ruhu, addu'a, zunubi, mala'ika, annabi. Ya yi shiru, ya ce da waɗannan kalmomi kakarsa take addu'a. Sa'an nan ya ce, "To Alaramma, so kake in tara 'ya'yan coci in koya musu Ajuruma? Ai sai a kore ni daga garin." Na ce a'a, ya fara da nahawun Hausa. Mu sai da muka zo jami'a, muka shiga wannan sashe, sa'an nan muka ji labarin rukunan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Me zai hana yaro ɗan shekara 9 ya tsaya yana tafi yana rera saya, saye, sayar, sayo, sayu, a kuma tambaye shi me ya bambanta su? Yaron da ya iya gardama bisa ƙa'ida da harshen da yake mafarki da shi, ba zai sha wuyar yin ta da wani ba. Fasto ya ce iyaye ba za su biya kuɗi a koya wa ɗansu Hausa ba, kuma na san gaskiyarsa. A nan muka bar ta, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya ja mayafi.

Da aka yi hutu na tafi gida. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, ɗalibai sun ragu, yawancinsu yara ne. Na bari aka watse bayan la'asar, na matsa kusa, na ba shi labarin takardata ta karin magana tun daga farko har dariyar da aka yi mini. Ya yi dariya shi ma har da tari, ya ce, "Ka mai da natija muƙaddama ke nan. Ai wannan kuskure yana can ƙarshen Sullamu, na mai Ahalari." Na ce wane mai Ahalari? Ya ce, "Wanda ka karanta littafinsa na tsarki da salla mana, Abdurrahmanil Ahdari, mutumin Aljeriya. Shi ya tsara Sullamu a manɗiƙi, ya tsara Jauharul Maknuni a balaga. Yana da shekara ashirin da ɗaya ya yi Sullamu, shi ya faɗa da kansa a ciki. Kai yanzu shekararka nawa?" Na ce ashirin da biyu. Ya ce, "Madalla."

Na ciro waya na nuna masa bidiyon yaran Teksas. Ya kai ta dab da idonsa, ya saurara har sau biyu, ya ce me suke cewa. Na ce Nasara ne, harshen Rumawa suke koyo, suna cewa ina so, kana so, yana so. Ya ce, "Mutakallimi, muhaɗabi, ga'ibi. To, ba su yi kuskure ba. Malamar tasu ba ta da bulala?" Na ce babu. Sai na yi ƙarfin hali na gaya masa abin da Baturiyar ta ce game da shekarun tsiwa, ina magana ina kallon tabarma. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Ai da ka dawo washegari da na ba ka amsa. Na ajiye maka ita. Amru sata ya yi. Duba yadda ake rubuta sunansa da Larabci, akwai wawun a ƙarshe da ba a furta shi. Dawuda kuma ana furta wawu biyu a sunansa, ana rubuta ɗaya. Wawun Dawuda ya sace, shi ya sa masu nahawu suka sa Zaidu ya yi ta dukansa. Malamina ya gaya mini, shi ma nasa ya gaya masa, duk yaron da ya tambaya ita ake ba shi." Na ce tambaya ta biyun fa, Baffa? Ya ce, "Wannan ba ni da amsarta, shi ya sa na ce ka tashi."

Na roƙe shi ya fara mini Sullamu kafin hutu ya ƙare. Ya ce ba a hawa bene ta taga, in gama Ajuruma tukuna. Ya aiki wani yaro cikin gida ya ɗauko wata tsohuwar gafaka, ya lalubo littafin da hannu ya miƙo mini. Nawa ne, ga sunana da na rubuta da biro a bango, ga tsinken tsintsiya a babin fa'ili.

Da asuba na zauna a ƙarshen tabarma tsakanin yara biyu, ɗaya ɗan shekara 11, ɗaya bai kai ba. Da aka zo kaina na buɗe inda tsinken yake na fara karantawa da ƙarfi, don kada a ce ɗan jami'a yana in-ina. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba ƙaramin ya taɓa ni a gwiwa, ya ce, "Yaya, rufu'a ce, ba fataha ba."